Waiwaye: Kurwar Injin a Alibandeng

Da na fara zama a Libreville, in na ji makanikai suna cewa "kurwa ta tsinke" sai gabana ya faɗi, don a gidanmu kurwa sai maye ke kama ta. Ashe bel suke nufi da Faransanci, bel ɗin taimin. Daga baya na ga sunan bai yi ƙarya ba: ranar da ya tsinke, mota gawa ce, ko da fentinta na sheƙi.

A lokacin ina da tasi guda, Toyota Carina E mai launin ja da fari irin na tasin garin, cikin waɗanda aka ƙera a Ingila tsakanin 1992 da 1997, suka tsufa a Turai, sannan jirgin ruwa ya sauke su a Owendo. Wani yaro ke ja mini ita. Ana tsakiyar ruwan Nuwamba ya kira ni, wai ta mutu a hanyar Charbonnages. Muka jawo ta zuwa wani gareji a unguwarmu ta Alibandeng. Maigidan ba ya nan, sai yaransa. Suka buɗe murfi, suka zaro bel ya rabu biyu. Na karɓa, na juya shi, na wurga a kwata. Kuskurena na farko ke nan.

Na ɗauki katin mota na nufi masu kayan gyara. Katin ya ce injin 1.8 ne, wato 7A-FE. Mai shago ya duba littafinsa ya miƙo mini bel sabo fil a kwali, na biya ban ko yi ciniki ba, saboda kowace rana da tasi ta kwana a gareji, aljihuna ne ke kwana da yunwa.

Yaran suka ɗora. Suka tura 'yar tayar da ke ɗaure bel har ƙurya, amma bel na lilo. Babbansu ya ce, "Alhaji, in ya ɗau zafi zai zauna." Ni kuwa da gaggawa ta rufe wa ido na ce a tayar. Ta tashi, ta yi tari kamar mai asma, ta yi bam ta salansa, ta yi shiru.

Sai bayan La'asar maigidan ya dawo, dattijo ne mutumin Damagaram da ya fi shekara talatin a ƙasar. Bai tanka wa kowa ba. Ya sa tsumma da fetur ya goge jikin injin inda aka buga lambarsa, ya haska tocila, ya ce in karanta. 4A. Injin 1.6 ne.

"Alhaji, katinka bai san an yi wa motar nan dashen zuciya ba," in ji shi. "Ina tsohon bel?"

Na sunkuyar da kai.

Ya zare sabon, ya ɗiga alli a haƙori ɗaya, ya shiga ƙirga kamar mai jan carbi: 121. Na 4A irin wannan 117 ne. Haƙora huɗu kacal, don gangar 7A ta ɗan fi tsayi. A ido injinan kamar Hassan da Husaini suke, shi ya sa wanda ya riƙe motar kafin ni ya cire wannan ya dasa wancan ba tare da kowa ya taɓa takarda ba. Haka ake yi a nan, haka ake yi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Motar da ta haura shekara ashirin a hannunmu, sunan da ke bayanta da lambar shasinta mai haruffa 17 tarihin haihuwarta kawai suke ba ka.

Ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya ya yi mini karatu. Kiranshaf na juyawa sau biyu, kamshaf sau ɗaya, bel ne ke riƙe wannan alkawari, domin bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistan. Haƙori ɗaya ya tsallake, lissafi ya rushe. Ya ce in gode wa Allah, wannan injin na fetur yana da sarari a ciki, fistan ba ya cim ma bawul. Da mai gas ne irin 2C, da yanzu zancen bawul da suka lanƙwashe muke, wataƙila har da kan injin.

Mai shago ya ƙi karɓar bel ɗin, ya ce ya sha mai. Ban ga laifinsa ba. Abin da na tambaya ya ba ni. Na sayi na biyu, dattijon ya sa na haɗa da 'yar tayar da robobin da ke tare mai, wai ba a yi wa ango sabuwar riga a bar shi da tsohon wando. Ya daidaita alamomi, ya juya injin da sifana zagaye biyu cif, ya sake duba alamomin, sannan ya yarda a murza makulli. Ya rubuta kilomita a murfin da farin fenti, ya ce mu haɗu bayan 100,000.

Tasin ta daɗe da barin hannuna. Da zan sayar, na rubuta "4A, haƙora 117" a wata takarda na cusa cikin katin. Mai sayen ya karanta, ya dube ni, ya ce ko lambar waya ce.