Ƙaramin jirgin ƙasan da ba ya tafiya gunki ne kawai

A ranar 3 ga Yulin 1938, wani kan jirgin ƙasa mai amfani da tururi da ake kira Mallard ya yi gudun mil 126 a awa ɗaya a Ingila, kuma har yau babu jirgin tururin da ya kamo shi. Yanzu yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin York. Amma ƙananan samfuransa, masu tsawon kusan santimita 28, suna nan suna zagaye a kan tebura a gidajen Birtaniya, inda tara irin waɗannan jirage ya zama abin sha'awar manya da yara.

A tsakanin masu wannan sha'awa akwai muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: me ya fi muhimmanci, samfurin ya yi kama da na asali har zuwa kan ƙusoshi, ko kuwa ya yi tafiya lafiya? A ganinmu tafiyar ce kan gaba, kuma tarihin sana'ar ma ya goyi bayan haka.

Ma'aunin da ya fi farin jini a Birtaniya shi ne OO, inda ake rage girman jirgi sau 76. Faɗin layin dogo na gaske a can milimita 1,435 ne, don haka kamata ya yi na samfurin ya zama milimita 18.83. Amma layin OO milimita 16.5 ne, wato faɗin da ya dace da ma'aunin HO na Amurka da sauran ƙasashen Turai, wanda ke rage girma sau 87.

Dalilin mai sauƙi ne. Jiragen Birtaniya ba su kai na Amurka da Jamus girma ba, kuma ƙananan injinan da ake da su a shekarun 1920 da 1930 ba sa shiga cikin gangar jikin da aka rage sau 87. Sai maƙera suka ƙara wa jikin girma, suka bar layin yadda yake. Lokacin da kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da Hornby Dublo a 1938, wannan tsarin ya bi. An haƙura da cikakken daidaito domin jirgi ya motsa, kuma masu saye suka karɓa.

Masu son daidaito ba su yi shiru ba. Wasu sun koma layin EM mai milimita 18.2, wanda gidan tarihin Pendon da ke yankin Oxfordshire ke amfani da shi, wasu kuma suka rungumi P4 mai milimita 18.83 cif. Hujjarsu tana da ƙarfi. An yanka jiragen tururi da dama an sayar a matsayin tsohon ƙarfe bayan hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta daina aiki da su a 1968, wasu nau'o'in ko ɗaya bai rage ba. Idan aka kuskure siffar bututun hayaƙi ko launin fenti, an koya wa na baya tarihin da ba shi ba ne.

Mun yarda da wannan. Inda muka saɓa shi ne da masu ɗaukar cewa daidaito ya tsaya ga abin da ido ke gani a hoto. Motsi ma yana da ma'auni. Jirgin da ke gudun mil 60 a awa, samfurinsa bai kamata ya wuce santimita 35 a daƙiƙa ba. Jirgin tururi na gaske a hankali yake tashi, sandunan da ke haɗa ƙafafunsa suna juyawa sannu-sannu kafin ya ɗauki hanya. Samfurin da ke zabura kamar zomo, ko ya cije a mahaɗar layi, ya yi ƙarya ko da ƙusoshinsa sun cika.

Abubuwan da ke kawo tafiya mai kyau kuwa a ɓoye suke. Wutar lantarki ta layin take bi ta shiga ƙafafu, saboda haka yawan ƙafafun da ke ɗaukar wuta yana rage tsayawa. Nauyin ƙarfe a jiki shi ke ba shi ƙarfin jan taragu. Sannan dole a saita ƙafafun dama da na hagu daidai, in ba haka ba jirgin ya riƙa ɗingishi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoton talla, shi ya sa ya fi wa kamfani sauƙi ya ƙara siraran bututai na roba, waɗanda ke karyewa tun wurin fitarwa daga kwali, ya kuma ƙara kuɗi.

Asarar tana kan yara. Abin da ake tsoron taɓawa, ga tsada, ba zai shiga hannun ɗan shekara goma ba, alhali da yawa daga cikin dattawan da ke saye yau da jirgin wasa mai ƙwari suka fara.

Ga mai sha'awa a nan gida, akwai abin lura. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Idan aka rage girma sau 64, layin nan na milimita 16.5 ya yi masa kusan daidai, kuma haka masu ƙera samfura a New Zealand ke yi wa nasu jiragen. Duk wanda ya ɗauki aikin ƙera tsohon kan jirgin da ya ja gyaɗa daga Kano zuwa Legas, ya auna jikin da kyau, amma ya fara da tabbatar da cewa zai iya jan taragunsa ba tare da an tura shi da yatsa ba.