A Wanke Allo: Tsokaci Ga Masu Kwafar Mona Lisa

Akwai wata ɗabi'a da ta kama matasanmu masu koyon zanen fuska da fentin mai, wadda ya kamata a faɗi gaskiya a kanta ba tare da kumbiya-kumbiya ba. Da zarar yaro ya iya riƙe buroshi, sai ya nemo hoton Mona Lisa, ya shafe watanni yana kwafa. In ya gama ya rataye, abokai su yi tafi, shi kuwa ya ɗauka ya yi sauka, alhali ko babbaƙu bai gama ba.

Kwaikwayo ba laifi ba ne. Shi kansa Leonardo da Vinci, wanda ya fara wannan zane wajen 1503, yaron shago ne a wurin Verrocchio a birnin Fulorans. Mai kwafar aikinsa zai koyi shimfiɗa fenti sirara-sirara, yana jiran kowace shimfiɗa ta bushe kafin ya ɗora wata, har iyakar haske da inuwa ta ɓace kamar hayaƙi. Wannan ilimi ne babba. Sai dai almajiri, in ya biya abin da ya kwafa a allo, wankewa yake yi ya ci gaba. Wa ya taɓa rataye allonsa na farko yana kiran kansa alaramma?

Illar tana wurin launi. Haɗin fentin da ke fitar da fatar Baturiyar Italiya ba zai fitar da wankan tarwaɗa ba, balle baƙi mai sheƙi a ƙarƙashin ranar Gombe. Babu tsagar gado a kumatun Mona Lisa, babu shunin rawani da ke rina goshi. Shi ya sa ɗalibin da ya tsaya nan, in aka ce ya zana mahaifiyarsa, sai ta fito toka-toka, ko kuwa kamar mai shafa man bilicin. Wannan ai cin fuska ne.

Magabata sun riga sun nuna hanya. Aina Onabolu da kwafar hotunan littattafan Turawa ya fara, amma fuskokin mutanen Ikko ne suka ɗaukaka shi. A 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya bisa manufar riƙe dabarar Bature tare da zana abin gida. Masu cewa kwafi ne ke da kasuwa kuwa, su tuna da Tutu, hoton gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya zana a 1974, wanda aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. Kwafin wane ɗalibi ne ya taɓa yin wannan daraja?

Saboda haka kiranmu ga malaman zane shi ne, a bar ɗalibi ya yi kwafi ɗaya a shekarar farko. Daga nan a tura shi unguwar Kumbiya-Kumbiya, ya nemi izinin tsohuwa mai daddawa ko dattijo wanzami, ya zauna gabansu har sai buroshinsa ya san launinsu. In ba mu zana su ba, babu mai tasowa daga Italiya ya zana mana su, kuma kayan aro ba ya rufe katara.