Kalar tsohon fim a waƙoƙin bidiyo, da kyamarar da ake kallo daga ƙugu

Jama'a, kun lura da yayin da ake yi yanzu a waƙoƙin bidiyo? Da an zo sin na ƙauye sai edita ya watsa wa hoton ɗige-ɗige, ya mayar da kala ta koma ruwan ƙasa, wai shi nan zamanin da. Ni dai duk lokacin da na gani sai in ga kamar an shafa wa sabuwar tukunya baƙi.

Yayin daga waje ya taso, amma su can da fim ɗin gaske suke yi. A 2023 Christopher Nolan ya fito da Oppenheimer, wanda ya ɗauka a kan fim mai faɗin milimita 65. A 2025 Ryan Coogler ya fito da Sinners a kan irin wannan fim ɗin, mace ce ma ta riƙe kyamarar, Autumn Durald Arkapaw. Labarin ya faru ne a 1932 a Misisifi, ƙasar auduga a Amurka. Duk ɗan Funtua da ya ga gonakin nan farare fat sai ya tuna hanyar Bakori lokacin cirar auduga. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, farin audugar bai ƙone ba, kana ganin jikinta, kuma fuskokin baƙaƙen fata ba su nutse cikin duhu ba. Fim yana jure haske mai ƙarfi. Gwada wannan da waya da tsakar rana ka gani.

To, ba wanda zai ce furodusan Kannywood ya sayo kyamarar IMAX. Masana'antar ma a kan kaset ɗin bidiyo ta tashi tun daga Turmin Danya a 1990. Amma akwai ƙaramar 'yar uwarta ta ɗaukar hoto, irin su Rolleiflex da Yashica masu ido biyu, waɗanda ke cin fim mai lamba 120. Faɗinsa ya kusa kai na wancan, kuma Kodak ta fito da shi tun 1901.

Ga yadda take. Nadi ɗaya hoto 12 ne kacal, kowanne murabba'i, santimita 6 tsawo 6 faɗi. Ba a ido ake kafa ta ba, a ƙugu ake riƙe ta ana leƙawa ta sama, kuma dama tana komawa hagu a gilashin. Wannan riƙon kaɗai darasi ne. Tunda kyamarar tana ƙasa, wanda ake ɗauka sai ya fito da tsayi da kwarjini, ko da manomi ne da fartanya a kafaɗa. Sannan fuskar mai hoton a buɗe take, yana hira da kai, ba ka jin an auna ka da wani abu. Malick Sidibé na Bamako ya yi aiki da Rolleiflex a situdiyonsa, ya ɗauki samari da 'yan mata cikin kwalliyarsu, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta Italiya. Akwai kuma dabarar ɗaukar hoto biyu a kan gurbi ɗaya: a rufe rabin ido a ɗauka, a rufe ɗaya rabin a sake, sai ka ga mutum yana zaune da kansa. Ba kwamfuta, ba komai.

Hoto 12 ɗin nan shi ne abin da muka rasa. Wanda ya san saura uku a nadinsa ba ya latsawa sai ya jira rana ta karkata, ya gyara wa mutum hula, ya kawar da ledar ruwan da ke bayansa. Mu kuwa a lokeshan sai a ɗauka sau ashirin a ce edita zai gyara. Darakta na iya bin wannan ko da kyamarar zamani ce a hannunsa: ya sauke ta zuwa ƙugu, ya ɗauka da safe ko bayan la'asar lokacin da hazon hunturu ya tausasa rana, ya ƙayyade wa kansa sau uku. Na san shiga gona da kayan aiki a wajajen Faskari ko Ƙanƙara ba wasa ba ne a halin tsaron da ake ciki, amma bakin dam ɗin Mairuwa da tsofaffin lungunan Malumfashi suna nan.

Ɗaya abin ya fi damuna. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976, an ɗauka ya ɓace, sai aka tsinci nagetif ɗinsa a 2016, aka gyara, aka haska shi a Balin ta Jamus a 2018. Shekara 40 yana ajiye kuma ya tashi. Tsofaffin masu hoton garuruwanmu su ma sun bar nagetif a akwatuna: bukukuwa, hawan salla, 'yan kamashon auduga da sababbin kekuna. Damina da gara suna cinye su. Mai shirya fim ɗin tarihi da ke son sanin yadda ake ɗaurin ɗankwali a Funtua a 1975, amsar tana cikin akwatin nan. In akwai irinsa a gidanku, ku raba shi da laima da zafi, kar a taɓa tsakiyar fim ɗin da yatsa, a riƙe ta gefe. Ku ɗaga ɗaya a hasken taga ku faɗa min abin da kuka gani.