DAGA BAKIN GAREJI: Mota Ma Tana Da Takardar Haihuwa

A wannan karo abin da ya faru a cikin gidanmu ne zan kawo muku, domin masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ina da ɗan ƙanwata a nan Briqueterie, bakanike ne kuma mai walda, Allah ya yi masa baiwar hannu. Yaron nan ya je wurin masu sayar da matattun motoci ya sayo wata tsohuwar Toyota da ta yi hatsari, ya kwance ta kaf, ya rage mata tsawo, ya ƙera mata sabon jiki irin na motocin tsere, mai kujera biyu, ya fesa mata jan fenti. Shekara biyu yana wannan aiki, duk abin da ya samu a gareji nan yake zubawa, har da kuɗin da mahaifiyarsa ta ɗauko daga adashi. Ran da ya tashe ta yaran unguwa suka bi shi da gudu suna ihu, mu ma manya muka ce masha Allah.

Da Sallah ƙarama ya fito da ita yawo. Bai ko kai kasuwar Mokolo ba aka tsayar da shi, aka ce ina takardu. Babu ko ɗaya. Da kyar da roƙo aka bar shi ya janyo ta gida, yanzu haka tana ƙarƙashin tamfol, kaji na kwana a kanta. Da dare ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ni fa na ƙera ta da hannuna, wace takarda kuma ake nema?" Na ce masa, "Ɗana, kai ma iyayenka ne suka haife ka, amma ran da ka je neman katin ɗan ƙasa, ai ba fuskarka aka duba ba."

Mu Hausawan ƙasar nan mun fi kowa sanin wannan karatu. Mutum nawa muka sani waɗanda a unguwar nan aka haife su, a nan aka binne kakanninsu, amma rashin takardar haihuwa ya sa suna ta zarya tsakanin ofis da kotu da furfurarsu? To mota ma haka take. Takardar haihuwarta ita ce lambar shasi, wadda kamfani yake bugawa a jikin ƙarfenta. Tun daga 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Wannan lamba ita ce a takardar duwan, ita ce a katin mota, wato kat-giris, ita ce a takardar asiransi. Yaron namu da zai rage tsawon motar, daidai wurin da lambar take ya yanke ya jefar a bola. Wanda ya sayar masa kuwa bai ba shi katin motar ba, shi ma bai tambaya ba. A idon hukuma abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin nan tarin ƙarfe ne marar asali, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ba na sata ba ne.

Kada wani ya ce haɗa mota a gida shirme ne. A Ingila sana'a ce mai tarihi. A 1957 wani injiniya mai suna Colin Chapman ya fito da ƙaramar motar tsere Lotus Seven, yana sayar da ita gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa abarsa a gida, saboda a lokacin harajin sayen mota bai hau kan wadda ba a haɗa ba. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi ikon ƙera ta. Sai dai can hukuma ta yi wa abin hanya. Tun 2009 suna da gwajin da ake kira IVA, inda ake duba motar da mutum ya haɗa ita kaɗai, daga birki har fitilu da bel ɗin kujera, kafin a ba ta lamba. Wadda aka kasa gane shekarunta ko asalinta kuwa, ana ba ta lamba mai farawa da harafin Q, kowa ya gani ya san labarinta. Faransa ma tana da irin wannan karɓar mota guda ɗaya.

Mu ma a nan Afirka ba a bar mu a baya ba. A Bafusam wani matashin bakanike, Cédric Simen, ya haɗa mota da tsofaffin kayayyaki ya sa mata suna SM 237, 'yan jarida suka yi ta ɗaukar hotonta a 2019. A shekarar 2019 ɗin dai Jerry Mallo, ɗan jihar Filato a Nijeriya, ya nuna motar tserensa Bennie Purrie a Abuja. Hannu kam akwai shi. Abin da yake kayar da yaranmu shi ne suna fara yanka ƙarfe kafin su fara tara takarda, alhali tun ran gini ran zane.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai wannan buri.

Da fari, motar da za ka yi gini a kanta ka saye ta da kat-giris ɗinta, a rubuta takardar ciniki a manna tambur a kai hukuma ta sa hannu, ka je a juya katin zuwa sunanka tun motar tana yadda take. In mai sayarwa ya ce katin ya ɓata, ka riƙe kuɗinka ka yi gaba, komai arahar motar. Araha ba ta ado.

Na biyu, kada injin yanka ko wutar walda su kusanci lambar shasi. Ka ɗauke ta hoto, ka ɗauki ta inji. Gogewa ko sake buga lamba laifi ne babba, kuma wanda ya ce zai buga maka sabuwa a bayan gareji, gidan yari yake nema maka.

Na uku, duk abin da ka saya ka karɓi rasit. In inji ne daga Camp Yabassi a Duwala, a rubuta lambarsa a jiki. In kaya ne ka yi odarsu daga waje, ko ka shigo da su daga Kano, ka adana takardar duwan kamar yadda kake adana takardar gida.

Na huɗu, kuma shi ne babba, kafin ka yanka komai ka je ofishin Ma'aikatar Sufuri na yankinka da zanen abin da kake son yi, ka yi tambaya, ka nemi a rubuta maka amsa. Ƙasashen CEMAC suna da dokar hanya guda tun 2001, kuma katin mota yana bayyana irin jikinta da nauyinta da yawan kujerunta da ƙarfin injinta. In ka sauya waɗannan, katin ya daina magana a kan motarka, sai hukuma ta sake dubawa ta karɓa. Da ƙafarka za ka je. Kada ka miƙa kuɗi ga 'yan tsaye a bakin ƙofa masu cewa kawo in yi maka.

Na biyar, bizit. A can za a gwada birki da fitilu da sitiyari da tayoyi. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga aikinka. Garinmu tudu da gangare ne, kuma lungunan Briqueterie cike suke da yara. Waldar da ta yi kyau a ido ba lallai ta riƙe ba ran da aka taka birki da ƙarfi.

Na shida, asiransi, kuma a nan gaskiya ce kaɗai za ta fisshe ka. Tun 2017 kuɗin binyet ma a wurin kamfanin asiransi ake biyansa. Dokar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a nan Yawunde a 1992, ta wajabta asiransi a kan kowace mota, ta kuma ce wanda ya ɓoye gaskiya da gangan yarjejeniyarsa ta rushe. Wato in ka ce musu Toyota ce ta gida alhali ka mai da ita wani abu dabam, ran da tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kana iya samun kanka kai kaɗai a gaban alƙali da iyayen wanda aka buge.

Ƙari a kan haka, a bar manna tambarin Ferrari ko na wani kamfani a gaban mota. Tambari dukiyar mai shi ce, kuma hedkwatar hukumar OAPI mai kare irin wannan haƙƙi a garin nan take. Ka sa mata sunan mahaifiyarka mana, ai ita ta ba da kuɗin adashi.

Shi dai ɗan namu ya share hawaye. Mun samo masa wata tsohuwar mota mai cikakkun takardu, kuma an riga an juya katin zuwa sunansa. Zanen na cikin jakata, ranar Litinin ni da shi za mu je ofis tare, kafin ya kunna injin yanka. Abin da aka faɗa mana zan kawo muku shi yadda yake.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu a kan hanya, amin.