Sabuwar Akori-kura: A Hannun Wa Za A Saya?

Da zarar kaka ta yi, aka ga kuɗin masara da waken soya a hannu, sai zancen mota ya tashi a gidaje da yawa. Wani maigida shi kaɗai ya yi tari, waɗansu kuwa 'yan'uwa ne suka haɗa hannu domin su huta da kuɗin haya ran kasuwa. Kuɗin sabuwar akori-kura gumin shekaru ne. In ya faɗa hannun macuci, har kuɗin makarantar yara sai ya taɓu.

Dattawanmu suna tunawa da lokacin da masana'antar Peugeot ta fara aiki a Kaduna a 1975. In an ce 404 ko 504, kowa ya san inda aka harhaɗa ta. Yanzu kuwa ga Toyota Hilux, ga Isuzu D-Max, ga ta Innoson da ake harhaɗawa a Nnewi, masu sayarwa kuma sun cika bakin titi, kowa da tutocinsa.

Masu sayarwan nan iri biyu ne. Akwai wakilin da kamfanin motar ya amince da shi, akwai kuma ɗan kasuwa mai shigo da ita da kansa. Ba mu ce na biyun ɓarawo ne ba. Amma garantin da yawanci akan bayar, watau shekara 3 ko kilomita 100,000, wanda duk ya riga cika, ba lalle ne ya yi aiki a kan motarsa ba. Saboda haka in mutum ya ce shi wakili ne, ku nemi lambar wayar babban ofishin kamfanin ta wata hanya dabam, ku tambaya da kanku.

Mu a ganinmu, bayan shago ya fi gabansa faɗin gaskiya. Ku zaga ku duba. Akwai garejin gyara? Akwai kayan gyara jere a kan kanta, ko kuwa sai an aika Ikko? Direbobin da suka kawo motocinsu juyen baƙin mai suna nan zaune a inuwa suna jira, ba kuwa abin da za su ci in sun yi muku ƙarya. Ku gaishe su, ku zauna, ku tambaye su yadda aka yi da su ranar da mota ta sami matsala bayan an riga an karɓi kuɗinsu. Sau da yawa mai fara'a ran ciniki ba shi ne mai fara'a ran gyara ba.

Sa'an nan a zo kan motar. Kada a yi cinikin biri a sama: wadda aka nuna muku, ita za ku tuƙa, ita za ku biya. Ku tafi da bakaniken da kuka yarda da shi. Lambar shasi, wadda tun 1981 ake yinta da haruffa da lambobi 17, dole ta zama ɗaya a jikin mota, da rasit, da takardun kwastan. Ku karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ko da mai shago yana ta duban agogo. Taya ma tana da bakin magana. A gefenta akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 1224 na nufin mako na 12 na shekarar 2024. In tayoyin sun tsufa, ko shekarunsu sun sha bamban, lalle a tambayi dalili, gama akan yi wa tsohuwar mota fenti, a mai da kilomitarta baya, a lulluɓe kujerunta da leda a ce sabuwa ce dal.

Wanda ya ce ku yi maza domin wani yana zuwa da kuɗi da yamma, ku bar masa abarsa. Haka kuma in farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran, araha ba ta ado. In da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun da fari, a kuma san wanda zai biya. A rubuta jimlar kuɗi duka a takardar kamfani, har da na lamba da inshora in suna ciki, kafin a ba da ko kwabo na kafin alƙalami. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na wani yaron shago ba. Ranar ɗauka kuma kada a fita ƙofa sai da littafin garanti mai hatimi, da makulli na biyu, da jak, da safayar taya.