Su ke taɓa agogo, mu ake ce wa ba mu san lokaci ba

Bara, a ƙarshen watan Maris, na rasa wata dama da na yi wata huɗu ina bi, kuma awa ɗaya tak ta raba ni da ita. Wata ƙungiya ce ta Turai ta zaɓe ni cikin waɗanda za ta tattauna da su ta Zoom kan wani horo na wata shida. Saƙon ya ce ranar Litinin, ƙarfe 10 na safe, agogon Paris. Duk tsawon sanyin da muka yi muna musayar saƙo, 10 ɗinsu ita ce 10 ɗinmu a Maraɗi. Na sayi forfe, na caza waya tun dare don ban yarda da kuran ba, na sa rigata ta salla. Goma saura minti biyar na shiga, ba kowa. Ashe daren Asabar wayewar Lahadi sun tura agogonsu gaba da awa ɗaya, 10 ɗinsu ta koma 9 ɗinmu. Amsar da na samu layi biyu ce: sun jira ni minti goma sha biyar, kuma girmama lokaci na cikin abin da suke dubawa.

Girmama lokaci fa! Ni da agogona bai motsa ba.

Ƴan uwa, ku tsaya mu duba yadda abin yake. Nijar na gaban agogon GMT da awa ɗaya, rani da damina, ba ma ƙarawa ba ma ragewa. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa suna tura agogo gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, su maido shi baya Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Shi ya sa da sanyi Yamai da Paris lokacinsu ɗaya, da bazararsu kuma Paris ta wuce mu, sai Landan ta zo daidai da mu. Masu zuwa gidan kallo sun sani: wasan Zakarun Turai da ake takewa ƙarfe 9 na dare a Fabrairu, in Afrilu ya zo ƙarfe 8 ake take shi.

Amurka kuma tata ranar daban. Tun 2007 tana canzawa Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadi ta farko ta Nuwamba. Ke nan a Maris akwai sati biyu ko uku da Amurka ta canza Turai ba ta canza ba, a kaka kuma akwai sati ɗaya. New York wani lokaci tana bayanmu da awa shida, wani lokaci biyar. A cikin Amurkar ma, Hawaii da mafi yawan jihar Arizona ba sa taɓa agogonsu. To wanda zai haɗa taro da mutum ɗaya a Yamai, ɗaya a Brussels, ɗaya a Washington, ya yi da wanne?

Daga ina wannan al'ada ta fito? Jamus ce ta fara ta a ƙasa baki ɗaya a 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin kwal. Faransa ta dawo da ita a 1976, zamanin Valéry Giscard d'Estaing, bayan tsadar man fetur ta 1973. Su can suna da dalili: a Paris yinin bazara kan kai awa 16, na hunturu awa 8. Mu nan bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Ciwon nasu ne, maganin ma nasu ne, amma ɗacin har bakinmu.

Abin haushin shi ne su kansu sun gaji da abin. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina. Hukumar da kanta ta yarda cewa tsimin lantarkin ɗan kaɗan ne. A Maris na 2019 Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar a daina daga 2021, gwamnatocin ƙasashen suka kasa daidaitawa, maganar ta kwanta. A 2022 Majalisar Dattawan Amurka ta amince da ƙudurin daina canjin, ya mutu a Majalisar Wakilai. Rasha da Turkiyya da Brazil dai sun bari. Kuma in kuna so ku ga inda wasa da agogo ke kai ƙasa, ku tuna Labanan a Maris na 2023: gwamnatin Najib Mikati ta ɗage canjin saboda azumi, Cocin Maroniyawa ya ƙi, aka yi kwanaki ƙasa ɗaya da agogo biyu.

Na san wani zai ce min, ai waya na gyara lokaci da kanta, me ya hana ka sa a kalanda? Gaskiya ne, in an turo maka gayyatar kalanda. Amma rabin gayyatar da ke zo mana a WhatsApp take zuwa ko a cikin wasiƙa, an rubuta "ƙarfe 10" an wuce. Ko kalandar ma, taron mako-mako yana ɗaure ne da agogon wanda ya shirya shi. Shi har abada ƙarfe 2 ne a wurinsa. Kai ne za ka wayi gari taron Juma'a ya dawo ƙarfe 1, daidai lokacin da kake haramar masallaci. Ba wanda ya tambaye ka.

Ba ina wanke mu ba ne. Laifi tudu ne, kuma namu na nan: mu kira taro ƙarfe 9, a fara 11, ana jiran babban baƙo. Wannan ɗabi'a sai mun kashe ta da hannunmu. Ni ma da na duba sau biyu da ban makara ba, kuma na ɗauki darasi. Amma wanda ya matsar da agogonsa, shi ke da nauyin faɗa.

Don haka ga abin da nake kira mu yi. Duk ƙungiyar da ke aiki da matasan Nijar, ta rubuta lokaci da agogon Yamai ko da GMT, kamar yadda gidajen rediyon ƙetare suka daɗe suna cewa "agogon Najeriya da Nijar". In an turo maka lokaci babu wannan, ka mayar da tambaya kafin ka ce to: ƙarfe nawa ke nan a Yamai? Ba rashin wayewa ba ne. In mu muka shirya taron, agogonmu ne ma'auni, su su yi lissafin. Sannan ku riƙe Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, ku tuna wa ƙannenku masu neman gurbin karatu da masu jarrabawa ta intanet.

Wa ya taɓa rasa taro, ko jarrabawa, ko kiran ɗan uwa a ƙetare saboda awa ɗayar nan? Ku faɗa mana yadda aka yi.