Idan Mai Wasa Ya Murtuke Fuska

A tashar Kwanar Dangora, inda motocin Kano da na Zariya ke haɗuwa, ba abin mamaki ba ne direba Bakano ya dubi Bazazzagi ya kira shi bawansa, ya ce maza ya sauke masa kaya. Fuska a murtuke yake faɗa, ko murmushi babu. Shi ma Bazazzagin ba zai yi dariya ba, sai ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Baƙo zai ɗauka rigima ce ta tashi. Ɗan Kiru ko Bebeji kuwa ya san wasan Kanawa da Zage-zagi ne, kuma daɗinsa yana cikin wannan murtuke fuskar.

Haka Fulani da Barebari suke, haka taubasai. Haka Nalako ke fita farautar gwagware a Kano da azumi, da gangarsa da igiyarsa, yana nuna da gaske yake. Ba a ruɗewa, domin kowane wasa yana da shaidarsa: an san lokacinsa, an san tsakanin wa da wa ake yi, kuma wanda aka zolaya yana nan tsaye, yana da bakin ramawa.

Waya ta zo ta tuɓe wa wasa waɗannan shaidu. Yaro zai sa rawani ko babbar riga, ya kwaikwayi malami ko ɗan siyasa, ya dage shi fa ba wasa yake ba, domin dagewar ita ce gishirin abin. Sai wani ya yanke farkon bidiyon da ƙarshensa ya tura WhatsApp. Kafin ya isa majalisar mai shayi a Doguwa ya zama labari, har ana cewa "ai da bakinsa ya faɗa."

A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan Kano na lokacin, Ganduje. A ganina hukuncin ya yi tsauri. Al'ummar da ta yarda yara su kwaikwayi manya a tashe bai kamata ta amsa zolayar mai mulki da bulala ba.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, kuma ya fi damuna. Wasu da gasken suke yi. Za su ci mutuncin mutum, su ƙaga masa abin da bai aikata ba, idan an rutsa su su ce "wasa nake." Tudun Wada ta Jihar Kano ta ga abin da zafin siyasa ya jawo a zaɓen Fabrairu 2023, har da asarar rayuka. Gari irin wannan ba ya buƙatar ƙarya mai sanye da rigar barkwanci.

Don haka mai karatu, idan irin wannan bidiyon ya shigo wayarka, nemi cikakkensa, ka duba wa ya fara sakinsa da abin da ya saba yi. Idan bai bayyana maka ko wasa ne ko gaske ba, don Allah kada ka tura shi gaba.